Gwaggona, Malamar Jan Ƙasa

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa kowa zai koma. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun daga yaye har ta kai ni ɗakin miji, ta rasu a asibiti a Daura bayan gajeriyar jinya. Aka kawo ta gida Baure, aka yi mata sutura, aka kai ta makwancinta kafin la'asar.

Ranar ban yi kuka ba. Ina ta shimfiɗa tabarmi, ina cika butoci, ana ce mini ya haƙuri, ina amsawa da baki kawai. Washegari sai wasu mata suka fara zuwa waɗanda ba danginmu ba ne, ba kuma 'yan unguwa ba. Daga Dutsi, daga Zango, daga Babban Mutum, daga cikin Daura. Akwai ma'aikatan jinya, akwai malaman makaranta, amma mafi yawansu matan gida ne da goyo a baya. Dukansu ɗalibanta ne na makarantar sakandaren 'yan mata inda ta ƙare aikinta. Su zauna, a yi addu'a, a shafa. Can sai wata ta nisa ta ce, "Allah sarki Malama. Kun tuna hawan tsani?" Sai ka ga ɗakin ya motsa, wannan na murmushi, waccan na share ido da bakin hijabi. Wata tsohuwa cikin dangi ta ɓata rai, ta ce yaushe gidan mutuwa ya zama wurin hira. Mahaifiyata ta ce mata, "Ƙyale su. Uwarsu ce ta mutu."

Cikinsu akwai wata da ta shigo ba ta ce komai ba. Na san ta. Tana aji ɗaya na babbar sakandare sanƙarau ya kama ta, ta warke, amma ya tafi da jinta. Iyayenta suka so ta zauna a gida, Gwaggo ta yi ta sintiri gidansu har suka bar ta ta koma aji. A darasin faɗuwar abubuwa kuwa Gwaggo takan sa a rufe ido a saurara, a ji ko abu biyun da ta saki ƙara ɗaya za su yi ko biyu. Wannan yarinya ba za ta ji ba. Sai Gwaggo ta sa aka kawo wani dogon katako, ta durƙusar da ita a can ƙarshensa, ta ɗora mata tafin hannuwa a kai, ta sako abubuwan a kan ɗaya ƙarshen. Katakon ya girgiza sau ɗaya. Yarinyar ta ɗaga yatsa ɗaya sama tana dariya.

Yanzu uwar 'ya'ya ce. Ta zauna kusa da ni a kan tabarma, ta kalle ni, ta kifa tafin hannuwanta biyu a ƙasa, ta daɗe a haka. A nan kuka ya zo mini, har sai da aka fitar da ni.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, 'ya'yana ba su san wannan matar ba. Su dai sun san tsohuwa mai ciwon gwiwa da ke ƙulla musu aya a leda. Makarantar ma an sake malamai, an sake gini. Ina tsoron nan gaba kaɗan a rasa mai cewa ga abin da ta yi.

Gajeriya ce, mai saurin magana, tabaranta a ɗaure da zare saboda yawan ajiye shi ta manta. Ba ta da hijabin da babu tabon alli a gefen dama. Fiziks take koyarwa, kuma ta iya Turancinsa sarai, amma ba ta yarda ta bar aji sai ta maimaita komai da Hausa. Abin da littafi ke kira girabiti, ita jan ƙasa take ce masa, har sunan ya bi ta: Malamar jan ƙasa. Maganar da ta fi yi, a aji da gida, ita ce, "Kar ki gaya mini abin da aka gaya miki. Ke me kika gani?" In na dawo daga aike na ce an ce mai manja bai fito ba, sai ta ce, "Wa ya ce? Kin je rumfar?" In kuma kwano ya suɓuce mini ba ta faɗa. Sai ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ba laifinki ba ne, ƙasa ce ta karɓa. Amma tunda ita ba ta iya shara ba, ɗauko tsintsiya."

Darasin nan kowace shekara sai ta yi shi wa 'yan aji ɗaya na babbar sakandare, mu ƙanana muna leƙe ta taga muna jiran shekararmu. Takan zo da ƙaton dutse da ƙwallon goruba, ta ɗaga su ta ce, "In na sake su tare daga sama, wa zai riga sauka?" Kowa ya ce dutse. Ta ce, "Har da ke, shugabar aji? To mu je." A bayan azuzuwa akwai ɗakin ajiya mai rufin soro. Sai ta jingina tsani, ta tattare zane, ta hau da kayanta a jaka. A ƙasa an shimfiɗa tsohon kwanon rufi. Ta ce a rufe ido. Ka ji kwaram. "Ƙara nawa?" "Ɗaya, Malama." "To buɗe ido, a sake." Su ga dutse da goruba sun taho kafaɗa da kafaɗa kamar an ɗaure su. Kullum sai an sami mai gardama ta ce Malama ta riga sakin gorubar. Irin wannan yarinyar Gwaggo ta fi so. Takan ce ta matso gaba ta tsura wa hannuwanta ido, a yi ta yi har ta gamsu.

Daga nan sai ta saki takarda a buɗe, ta yi ta lilo tana yawo kafin ta sauka. Ta dunƙule ta, ta sake, ta faɗo kai tsaye. "Nauyinta ya ƙaru?" "A'a." "To me ya riƙe ta ɗazu?" Da kansu suke gano iska ce. Na ƙarshe shi ne yumɓu. Takan cura shi dunƙule dunƙule, a saki ɗaya daga tsayin gwiwa, ɗaya daga kafaɗa, ɗaya daga kan rufi. Na gwiwa ya ɗan lotsa. Na kafaɗa ya baje gindi. Na rufi ya zama kamar waina. Ta ce, "Ƙasa ba ta ja sau ɗaya ta huta. Muddin abu na hanya, ja take yi, gudunsa na ƙaruwa. Shi ya sa nisa ke da muhimmanci, ba nauyi ba."

Tsanin nan ne ya haɗa ta da mahaifina.

A shekarun da aka fara aiki da Shari'a a jiharmu, mutane sun shiga duba komai da sabon ido, mai kyau da marar kyau. Wani uba ya kai ƙara wurin shugabar makaranta. Ya ce 'yarsa ta dawo gida tana cewa ƙasa ce ke jawo abu, wai har farin wata ma faɗowa yake yi kullum, gudunsa ne ke hana shi iso mu. Ya ce ina aka bar ikon Allah? Ya ƙara da cewa kuma malamar tana hawa tsani, maza na wucewa a hanya suna hangenta. Aka kira taron iyaye. Mahaifina malami ne mai karantarwa a zaure, ana jin maganarsa a gari, don haka aka gayyace shi ya yi hukunci, duk da an san ƙanwarsa ce.

Ya sa ta yi bayani, ta yi. Ya juya wurin mutumin ya ce, "Alhaji, in ka ce wa ɗanka wuta na ƙuna, ka fita daga imani?" Ya ce a'a. "Wa ya sa mata ƙunar?" Ya ce Allah. "To wanda Ya sa wa wuta ƙuna Shi Ya sa wa ƙasa ja. Yarinyarka ta koyo yadda aka tsara abin ne, ba ta ce shi ya tsara kansa ba." Magana ta mutu a nan. Zancen tsani kuwa bai taɓa shi ba a gaban mutane.

Da yamma ta dafa masa dambu ta kai da kanta, ina biye da ita da kwanon, tana murna. Shi ne babba a ɗakinsu, ita ce ƙarama, Auta yake ce mata har ta yi furfura. Bai buɗe kwanon ba. Ya ce, "Auta, inda kike da gaskiya na tsaya miki. Amma tsanin nan ki bar shi."

Ta ce, "Malam, daga kan tebur ba a ganin komai. Kafin ido ya kama sun sauka."

"To ki sa yarinya ta hau."

"'Yar wa? In ƙafarta ta zame me zan gaya wa uwarta? Ni in na faɗo ƙashina ne."

"Ƙashinki ne, amma sunan gidanmu ne ake ja a bakin kasuwa."

Ta ce, "Masu jan nasa su zo su koyar da yaran mana."

Ban taɓa jin ta mayar masa da magana ba sai ranar. Ya tashi ya shige cikin gida. Damina guda bai taka gidanmu ba. Duk Juma'a ta aika da abinci, duk Juma'a kwanon ya dawo yadda ya tafi. Ba ta daina aikawa ba, ba ta kuma ce ta bar tsani ba. Na sha ganinta ta buɗe kwanon da ya dawo, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in kai wa maƙwabta.

Mijinta ne ya raba gardamar. Alhaji muke ce masa, fataucin dabbobi yake yi a kasuwannin bakin iyaka, mutum ne marar yawan magana. Bayan an cire amfanin gona ya nemi izinin makaranta, ya kawo magini, aka yi wa ɗakin ajiyar matakala ta ƙasa ta ɓangaren da ba ya kallon hanya, aka ja 'yar katanga a bakin rufin. Sannan ya je ya ce wa mahaifina ya zo ya duba aikin ko da gyara. Mahaifina ya zo ranar da babu ɗalibai. Ya zagaya, ya hau matakalar har sama, ya tsaya yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Ina dutsen naki?" Ta miƙa masa da gorubar. Ya sake su. Ya ce a miƙo masa kuma. Ya sake. Ya sauko yana kaɗe riga, ya ce, "Ikon Allah." Juma'ar da ta biyo, kwanon ya dawo a wanke.

Gwaggo ta haihu da dama, amma ɗaya ne ya rayu, ɗan farinta. Shi nake kira Yaya. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa cewa ɗanta ne ba. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan". In ya yi abin kirki ta kau da kai, in baƙo ya yabe shi ta canja zance. Amma nama mafi kyau a tukunya a kwanonsa yake ƙarewa, kuma ni ake ba in kai, kamar ni na zaɓa. Yana kwalejin horon malamai a lokacin, yana cewa shi ma kimiyya zai koyar, amma shi ba zai yi ta hawa rufi kamar wasu ba. Ta ji shi sarai, ta ce da ni, "Gaya wa wancan ya fara cin jarrabawa tukuna."

Ya zo hutu gab da Babbar Salla, Alhaji na kiwon ragunan sayarwa. Da hantsi ya tafi gona ya kaɗo musu 'ya'yan gawo. Ya hau can sama, ya taka wani reshe, ashe ya bushe ta ciki. Masu aiki a gonar kusa ne suka ji ƙarar. Suka ɗauko shi a amalanke. Kafin a samo motar da za ta kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Tana aji aka je aka kira ta. Ta zo ta tarar da shi a shimfiɗe a zaure, ta tsaya daga bakin ƙofa, ta yi salati, ta wuce ɗaki. Ba ta yi kururuwa ba, ba wanda ya ga hawayenta. Mutane suka yi ta yaba haƙurinta. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita na san abinci ba ya wuce mata, na san zanenta sai da ta riƙa ninka shi kafin ya ɗauru.

Ta koma aiki. Ta koyar da haske, da zafi, da lantarki, duk yadda ta saba. Amma da aka iso kan faɗuwar abubuwa sai ta miƙa wa wani ɗan bautar ƙasa, ya yi shi a kan allo da lissafi. Shekara ta zagayo ta sake miƙawa. Ciyawa ta fito a matakalar, awaki suka mai da ita wurin hutu. A gida kuma in abu ya suɓuce mini sai in ga kafaɗunta sun zabura. Na yi ta jiran ta ce ƙasa ce ta karɓa. Ba ta ƙara faɗa ba har ta bar duniya.

Shekarar da ajinmu ya iso wurin, ba a turo ɗan bautar ƙasa ba, kuma babu wani malamin fiziks sai ita. Mu 'yan ajin muka haɗa baki cewa ba mai tambaya, in ta tsallake babin mu karanta da kanmu. Ranar sai ga ta ta shigo da jaka a kafaɗa da kwanon yumɓu a hannu. Ta ce, "Ku fito." Muka bi ta. Ta kori awakin, ta hau a hankali tana dafa bango. Ta yi dutse da goruba. Ta yi takarda. Muryarta daidai, sai dai ba ta tsokani kowa ba. Ta saki yumɓun daga sama, ta sauko, muka kewaye shi a baje a ƙasa.

A cikinmu akwai wata baƙuwa da aka yi wa mahaifinta canjin wurin aiki zuwa Baure, ba ta san komai ba. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to mutum fa? Shi ma haka yake faɗowa?"

Ta kusa da ita ta mintsine ta. Gwaggo ta cire tabarau, ta riƙe shi a hannu.

Ta ce, "Ku ƙyale ta, tambaya ce mai kyau. Shi ma haka. Ja ɗaya ne, ba ya bambanta mutum da dutse." Ta dubi yumɓun da ke ƙasa. "Ɗana ya faɗo daga kan gawo. Na san tsayin itacen. Ban so in yi lissafin ba, kaina ne ya yi shi ba da izinina ba. Bai daɗe a hanya ba. Kafin ya gama gane abin da ya faru ya iso. Ina gaya wa kaina bai samu lokacin jin tsoro ba."

Tun da nake, ranar ce kaɗai na ji ta ce "ɗana".

Ta mayar da tabarau ta ce mu koma aji mu zana dunƙulen yumɓun uku, mu rubuta abin da muka gani. Muka rubuta, takardu na jiƙewa. Baƙuwar ta kifa kai a tebur tana ta ba da haƙuri, Gwaggo ta je ta dafa bayanta ta ce, "Ɗago. Da ba ki tambaya ba da ban san kina saurare ba."

Da muka koma gida ta shiga madafa za ta hura wuta. Na same ta zaune a kan kujera 'yar tsuguno, ashana a hannu, ba ta ƙyasta ba. Ta jawo ni ta kifa fuskarta a cikina, ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka kawo shi. Ina tsaye ina riƙe da kanta. Har aka kira la'asar.

Daga shekarar ba ta sake miƙa darasin ga kowa ba. Ta yi ta hawa har gwiwoyinta suka ƙi, lokacin kuma ritaya ta zo. Ni ban gaji kanta ba, ɗinki nake yi a Dutsi inda nake aure. Bai taɓa damunta ba. In na kai mata riga sai ta juya cikinta ta bi ɗinkin da yatsa, ta ce ita ba ta yarda da waje ba sai ta ga ciki. Alhaji ya riga ta tafiya, ta zauna ita da wata jikar dangi, tana koya wa yaran unguwa lissafi a tsakar gida kyauta, tana faɗa da su a kan rubutun da bai miƙe ba.

Mahaifina ne ya yi mata salla. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, sai da aka riƙo hannunsa aka tsayar da shi a gaban gawar. Waɗanda suka tsaya a sahun farko sun ce muryarsa ba ta yi rawa ba. Kwanakin zaman makoki kuma shi ke ba mutane haƙuri.

Da zan koma Dutsi na shiga zaure in yi masa sallama. Shi kaɗai ne, ɗalibansa sun tashi. Na durƙusa na gaishe shi, ya gane muryata, ya ce in matso. Na matsa kusa da shi.

Ya ce, "Ranar da aka fara kai ta makaranta ni na kai ta. Rairayi ya yi zafi, ba ta da takalmi, sai na ɗora ta a wuya. Ta riƙe kunnuwana biyu, tana ta tambaya har muka isa. Me ya sa kaza, me ya sa kaza. Na ce Auta ki bar ni in ji da nauyinki."

Ya shafa buzun da yake zaune a kai.

"Na ba ta shekaru masu yawa. Na gama sa rai ita za ta zauna a cikin gida a yi mata gaisuwata. Yanzu duk garin nan ba wanda ya san fuskar mahaifiyarmu sai ni. In na ce tana da wushirya, ba mai ce mini haka ne."

Na ce, "Baba, sai haƙuri."

Ya ce, "Na sani. Ni nake gaya wa mutane." Sai ya juya fuskarsa wajen bango, ya ɗaga mini hannu alamar in tafi.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yafe mata kurakuranta, Ya karɓi wahalar da ta sha a kan 'ya'yan mutane. Ya haɗa ta da ɗanta a inda ba a sake rabuwa. Tsohon nan da ta bari a zaure kuma, Allah Ya sanyaya masa.